Hadda Da Fahimta: Mene Ne Haƙƙin Ƙwaƙwalwar Yaro A Kanmu?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T) wanda ya halicci ɗan Adam da baiwar tunawa, ya kuma jarrabe shi da mantuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa maza da mata, akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a unguwanninmu na zongo, daga Nima da Sabon Zongo a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi. Kashi na farko, galibi waɗanda suka yi nisa a boko, suna cewa hadda karatun aku ce, ana cusa wa yaro kalmomin da bai san ma'anarsu ba, ana ɓata masa shekarun da ya kamata ya koyi tunani. Kashi na biyu kuma suna ganin da zarar yaro ya sauke ya haddace, to magana ta ƙare, in ma ya tambayi ma'ana sai a ce ya cika rawar kai. A tsakiyar waɗannan ɓangarori biyu akwai yaro ɗan shekara shida riƙe da allonsa, kuma babu wanda ya nemi shawararsa.

Tambayar ita ce: tun da yaro ba shi ne yake zaɓar abin da za a zuba masa a kai ba, wane nauyi ne ya hau kanmu mu da muke zubawa? Da yawa daga cikinmu muna taya malam biya wa yara a makaranta ranar Asabar da Lahadi, wasu suna da ƙanne, wasu kuma sun fara tara iyali, saboda haka tambayar ta shafe mu kai tsaye.

Za mu nemi amsa a birnin Makka. Tun shekarar 1979 (1399 Hijira) ake gudanar da gasar Sarki Abdul'aziz ta duniya a can, inda matasa daga ƙasashe da dama suke taruwa, alƙali ya jawo farkon aya, yaro ya ɗauka ya zarce ba gargada. A Nijeriya ma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar ƙasa a 1986. Muna kallo muna sha'awa, kowane uba yana fatan ɗansa ne. Amma a lura, cikakken sunan gasar Makka ya haɗa abu uku: hadda, da tilawa, da tafsiri. Mu kuwa sau da yawa biyun farko muke riƙewa.

YADDA ƘWAƘWALWA TAKE AJIYA

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa tunawa gida biyu. Akwai ajiya ta ɗan lokaci, wadda mutum yake riƙe abu da ita yayin da yake aiki da shi, kamar lambar waya da aka karanta maka kafin ka rubuta. Akwai kuma ajiya mai daɗewa, wadda take riƙe sunan mahaifiyarka da hanyar gidanku da Fatiha. Ta farkon kamar zaure ce, ta biyun kuwa rumbu ne, kuma babu abin da yake shiga rumbun sai ya bi ta zauren.

Zauren nan kuwa ƙarami ne ƙwarai. A 1956 wani masani a Amurka mai suna George Miller ya ce abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci ɗaya bai wuce abu bakwai ba, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa kaɗan. A 2001 wani kuma mai suna Nelson Cowan ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu. Na yaro ƙarami bai ma kai na babba ba. Dabarar da take ceton mu ita ce ɗaure abubuwa dami-dami. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma goma muke yanka ta uku in za mu faɗa. Malamanmu na allo sun san wannan tun kafin a rubuta shi: yaro ya fara da babbaƙu, ya koma farfaru, a rubuta masa aya ɗaya ko biyu, sannan Alƙur'ani ya kasu izu 60, kowane izu sumuni 8, watau sumuni 480. Da yayyafi kogi kan cika.

Game da mantuwa kuwa, wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 bayan ya yi gwaji a kan kansa da haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a farko: bayan awa ɗaya fiye da rabi ya zube, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan sai zubewar ta yi sanyi. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi aikin maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya. Wannan shi ne sirrin tishi da tilawar dare da ta asuba. A 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya karanta ya fi riƙewa bayan mako ɗaya a kan wanda ya yi ta sake dubawa. To wannan ai shi ne a biya wa malam da ka kafin a wanke allo. Barci ma yana cikin aikin, domin a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take ƙarfafa abin da aka koya da rana.

Saboda haka mai cewa tsarin allo ba shi da hikima bai duba da kyau ba. Sai dai Ebbinghaus ya gano wani abu na uku da ya kamata ɓangare na biyu su ji. Da ya gwada haddace baitocin waƙa masu ma'ana, sai ya ga wahalarsu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ta gaɓoɓin da ba su da ma'ana ba. Watau fahimta tana sauƙaƙa haddar kanta, domin ma'ana ita ce igiyar da take ɗaure damin.

ME YA SA YARANTA?

Mutanen Makka na da suna da al'adar kai jarirai ƙauye wajen masu shayarwa, don su sami lafiyar jiki da tsarkin harshe. Haka aka kai Manzon Allah (S.A.W) wajen Halimatus Sa'adiyya a cikin Banu Sa'ad. Binciken zamani ya nuna cewa kunnen jariri yana fara zaɓar harshe da wuri. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jarirai daga gidajen da ake Turanci. Masu wata shida zuwa takwas suna rarrabe wasu sautuka na harshen Hindi da iyayensu ba sa iya rarrabewa, amma da suka kai wata goma zuwa goma sha biyu, yawancinsu sun daina. Duk wanda ya fara koyon tajawidi da gemu ya san yadda ainu da ladi suke ba shi wuya. Har Hausarmu ma haka take: yaron da bai ji bambancin kafa da ƙafa tun yana goye ba, zai sha fama da shi in ya girma. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta fara karatu da wuri, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma kunne daban, hankali daban. Jean Piaget, mutumin Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya yi wani gwaji da kowa zai iya yi a gida. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, sannan a gaban yaro a juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri. Ɗan shekara huɗu zai ce na dogon ya fi yawa. Sai wajen shekara shida ko bakwai yake gane cewa ruwan bai ƙaru ba. Tunani a kan abin da ba a gani da ido kuwa, kamar adalci da niyya, yana ƙarfi ne daga wajen shekara goma sha ɗaya zuwa sama. Masu bincike na baya sun nuna cewa shekarun suna bambanta daga yaro zuwa yaro, kuma yara sun san fiye da yadda Piaget ya zata, amma asalin maganar tana nan: hankali hawa-hawa yake girma. Musulmi ba zai yi mamaki ba, domin a shekara bakwai aka ce mu fara umartar yaro da salla, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna magana a kan shekarun tamyizi.

Malaman hadisi ma sun tattauna wannan. Sahabi Mahmud ɗan Rabi'u (R.A) ya ce yana tuna lokacin da Annabi (S.A.W) ya fesa masa ruwa a fuska daga wani guga, yana ɗan shekara biyar. Da yawa daga cikinsu suka riƙi shekara biyar a matsayin lokacin da jin yaro yake inganta, wasu kuma suka ce abin dubawa shi ne ko yaron yana gane magana yana mayar da amsa. Masana na yau sun ce yawancin manya ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku zuwa huɗu. Ka ga awon bai yi nisa da juna ba. A kuma lura da abin da ya zauna a zuciyar Mahmud: wasa ne da sakin fuska.

DARASI DAGA MAKKA

An haifi Imam Shafi'i a Gazza a shekara ta 150 Hijira. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta kawo shi Makka yana ɗan kimanin shekara biyu. An ruwaito cewa ba ta da abin biyan malami, sai malamin ya yarda yaron ya riƙa kula masa da sauran yara in ya tashi. Ba shi da kuɗin takarda, sai ya riƙa rubutu a kan ƙasusuwa. Ya haddace Alƙur'ani yana da shekara bakwai, ya haddace Muwaɗɗa ta Imam Malik yana wajen goma. A nan masu wa'azi da yawa suke tsayawa da labarin.

Amma labarin ya ci gaba. Ya fita cikin ƙabilar Huzailu ya zauna da su don ya ƙware a Larabci. Ya zauna gaban Muslim ɗan Khalid Az-Zanji, muftin Makka, da Sufyanu ɗan Uyaina, sannan ya tafi Madina wajen Malik. Abin da duniya take tuna shi da shi har ya rasu a Masar a 204 Hijira shi ne littafinsa Ar-Risala, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin yadda ake fahimtar nassi. Yara da yawa sun haddace a Makka a zamaninsa. Abin da ya fifita shi shi ne ginin da ya ɗora a kan haddar.

Kafin shi akwai Abdullahi ɗan Abbas (R.A), wanda aka haifa a Makka kimanin shekara uku kafin Hijira, kuma bai wuce shekara goma sha uku ba lokacin wafatin Annabi (S.A.W). Addu'ar da aka yi masa ta fahimtar addini ce da sanin fassara. Daga baya ya zauna a Makka yana karantar da tafsiri, almajiransa suka haɗa da Mujahid da Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙar fata wanda ya zama muftin Makka. Mujahid ya ba da labarin cewa ya bi Alƙur'ani gaban Ibnu Abbas har sau uku, yana tsayar da shi a kowace aya yana tambaya. Babu wanda ya ce da shi mara ladabi. An kuma ruwaito cewa sahabbai sukan koyi aya goma, ba sa wucewa sai sun san abin da ke cikinta na ilimi da aiki. Alƙur'anin kansa a cikin shekara ashirin da uku ya sauka, goma sha uku daga ciki a Makka, kuma Suratul Furƙan ta bayyana cewa hikimar saukarwa kaɗan-kaɗan ita ce tabbatar da zuciya.

IYAKAR HADDA

Wasu iyaye suna cewa yaron da ya haddace, duk wani karatu zai zo masa da sauƙi. Albarkar Alƙur'ani ba abin musu ba ce, kuma hadda tana koya wa yaro haƙuri da zama wuri ɗaya. Amma a 1981 Sylvia Scribner da Michael Cole suka wallafa bincikensu a kan mutanen Vai na Laberiya. Sun ga waɗanda suka yi karatun allo sun fi saura a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya bayan ɗaya ana maimaitawa a jere, watau irin yadda suka saba karatu, amma fifikon bai bazu zuwa kowane irin tunani ba. Ƙwaƙwalwa tana ƙwarewa ne a abin da aka horar da ita. In kana son yaro ya iya lissafi sai ya yi lissafi, in kana son ya iya tunani sai an bar shi ya yi tambaya. Kuma Suratul Juma'a ta yi gargaɗi mai tsanani da misalin jakin da aka ɗora wa littattafai.

Ga ɗan boko kuma da yake cewa ai yanzu komai yana cikin waya, amsa ita ce mutum da abin da ke kansa yake tunani. A 1973 Chase da Simon suka nuna cewa gwanin wasan dara irin na Turawa yana tuna yadda aka jera 'ya'yan wasa da kallo ɗaya, in jerin na wasa ne na gaske, amma in aka watsa su barkatai sai fifikonsa ya kusan ɓacewa. Abin da ya riga ya tara a rumbu shi yake ba shi ido. Likita ma sai ya haddace sunayen gaɓoɓi. Kakanninmu da suka taka ƙasa zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya, ɗan fashi yana iya ƙwace musu jaki da guzuri, amma bai isa ya taɓa abin da ke ƙirjinsu ba. Kuma a sahun salla, ko a gadon asibiti, ko a lokacin da fushi ya taso, ayar da ke zuciya ita take zuwa.

To ashe yaro ɗan shekara shida da yake haddace abin da bai gane ba, ba a zalunce shi ba, matuƙar akwai niyyar buɗe masa. Ajiya ce aka ba shi a cikin akwati. Zaluncin shi ne ya kai shekara ashirin ba a ba shi mabuɗi ba, yana karanta Suratul Ma'un kullum bai san tana magana a kan maraya da miskini ba, alhali marayan yana cikin gidan hayarsu. Ibnu Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya kawo ra'ayin Alƙali Abubakar ɗan Arabi na a fara koya wa yaro Larabci da lissafi kafin Alƙur'ani. Ya yaba ra'ayin, amma ya ce al'ada ba ta karɓe shi ba, saboda neman albarka da tsoron kada yaro ya balaga ya kuɓuce bai samu Alƙur'ani ba. Wannan tsoro gaskiya ne har gobe. Mafita ita ce a tafi da su tare, hadda a gaba, ma'ana tana biye gwargwadon hankalin yaro.

MAGANAR BULALA

Tun da zauren ƙwaƙwalwa abu huɗu kacal yake ɗauka, yaron da yake kallon dorina ya riga ya cika wuri ɗaya ko biyu da tsoro. Bincike ya tabbatar cewa firgici yana toshe tuno abin da aka sani. Shi ya sa yaro zai biya sumul a gaban uwarsa, ya je gaban mai bulala ya kakare, a doke shi, ya ƙara kakarewa. Ibnu Khaldun ya ce tsanantawa tana koya wa yaro kasala da ƙarya da yaudara, domin yana koyon nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don ya tsira. Mai kafa hujja da hadisin salla ya tuna cewa a kan barin salla yake magana, ga ɗan shekara goma, bayan shekara uku ana lallashi, kuma malamai sun sa sharaɗin kada ya raunata, kada ya taɓa fuska. Ba lasisin zane ɗan shekara biyar ba ne don ya manta aya. Anas ɗan Malik (R.A) ya yi wa Annabi (S.A.W) hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa ba.

Ƙwaƙwalwa tana ajiye darasi tare da yanayin da aka koye shi. Akwai manya a cikinmu da suka bar makaranta, in sun ji ƙamshin tawada gabansu yake faɗuwa. Wanda ya haɗa wa yaro Littafin Allah da tsoron duka, ya shirya amsar da zai bayar.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya ce koyo ya fi faruwa a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wani ya kama masa. Mai kamawar sau da yawa yaya ne ko gardi, watau ni da kai da ke. Saboda haka ga shawarwari.

Na ɗaya, kada a ƙara wa yaro karatu sai na jiya ya zauna, kuma tishi kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Na biyu, duk surar da ya haddace a gaya masa abin da take cewa cikin harshen da yake ji, Hausa ne ko Dagbani ko Twi, ko da jimla biyu ce. Labarin giwaye a Suratul Fil ɗan shekara biyar ma zai riƙe shi. Na uku, in ya yi tambaya a amsa, in ba a sani ba a tafi da shi wajen malam. Na huɗu, a bar shi ya yi barci ya ci abinci, domin yaron da ya yi boko da safe, talla da rana, makaranta da yamma, ba taurin kai ne yake damunsa ba. Na biyar, 'ya'ya mata su sami abin da maza suka samu. Na shida, mu da muka sauke tun tuni mu koma gaban malamai mu ɗauki Larabci da tafsiri, kada a jira sai azumi.

A ƙarshe mu sani cewa yaro ba allo kaɗai yake haddacewa ba. Yana haddace yadda uba yake magana da uwa, da abin da yaya yake faɗa in ya yi fushi, da ko mun cika alkawarin da muka yi masa. Wannan haddar ba ta buƙatar tishi, kuma da ita zai yi wa ayoyin da ya koya fassara. Ƙwaƙwalwarsa amana ce, za a tambaye mu abin da muka zuba a ciki da yadda muka zuba shi.

Allah ya sanya Alƙur'ani a zukatanmu da ayyukanmu, ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.